A zauna da mu kafin a rubuta kasafi

Mazaunin Abuja ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokokin jiha. Ministan da ke mulkinsa shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. A nan kusa, ciyaman da kansila ne kawai ƙuri'arsa ke ɗorawa kan kujera, a ƙananan hukumomi shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, masu mazaɓu 62. Shi ya sa shirun da ke biyo bayan zaɓe ya fi yi mana ciwo fiye da Bakano ko Bakatsine.

Ku leƙa Mpape ko Gwagwa da damina. Mutanen layi ne ke bi gida-gida da littafi suna karɓar karo-karo, a biya 'yan banga, a gyara taransifoma, a zuba ɓaraguzai inda ruwa ya cinye hanya. Su suka san kwalbatin da ke toshewa, su suka san nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka idan rani ya tsananta. Mai karɓar harajin shago ya san ƙofar kowa. To me ya hana a ƙwanƙwasa wannan ƙofar ranar da ake tsara ayyukan shekara?

Na san uzurin da ake kawowa, kuma akwai gaskiya a ciki: filaye da rusau suna hannun ma'aikatar minista. Amma firamare, ɗakin shan magani da kasuwar unguwa fa? A 2025 malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, yara na gararamba a titi, iyaye kuwa sai a rediyo suke jin inda aka kwana.

Taron "masu ruwa da tsaki" a otal ba shawara ba ce. Kiran hakimi shi kaɗai ma bai wadatar ba, domin a unguwa guda akwai Gwari 'yan asalin wuri, ga Bahaushe, ga Ibo, ga Tibi, yawancinsu 'yan haya.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, sai a nuna mana su. Kowane kansila ya kira taro a filin firamaren mazaɓarsa ranar Asabar, da mata a ciki, kafin a miƙa kasafi. A liƙa jerin ayyuka da kuɗinsu a bango, bayan wata shida a dawo a karanta abin da aka yi.