Idan gidauniyoyin waje suka naɗe tabarma, wa zai bi sawun kuɗin Wurno, Rabah da Goronyo?

A watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma kafin shekarar ta yi nisa aka rufe hukumar USAID. A watan Mayu Bill Gates ya sanar cewa gidauniyarsa za ta kashe kimanin dala biliyan 200, sannan ta rufe a ƙarshen 2045. Ita ma Gidauniyar MacArthur, mai ofis a Najeriya tun 1994, ta kammala babban shirinta na yaƙi da cin hanci a Najeriya a 2024. Can nesa aka yanke waɗannan shawarwari, amma ƙurarsu za ta sauka har gabashin Sakkwato.

Jihar ta san amfanin kuɗin gidauniya. A 2016, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta shiga yarjejeniyar rigakafin yara da gidauniyoyin Gates da Dangote. An buɗe asusu ɗaya da kowa ke zuba nasa, bisa sharaɗin kason gidauniyoyin ya riƙa raguwa, na jiha yana ƙaruwa, har ta ɗauki nauyin baki ɗaya. Hikimar tsarin ita ce tun ranar farko an san baƙo zai tafi.

Sai dai akwai aikin da ba za a miƙa wa gwamnati ba, wato sa ido a kan gwamnatin kanta. Misalinsa yana maƙwabciyar jiha. A 2012 wasu matasa ƙarƙashin Hamzat Lawal suka fara gangamin Follow The Money a kan Bagega ta Zamfara, inda gubar dalma ta hallaka yara, suka matsa har aka saki kuɗin tsabtace garin. Haka ƙungiyar BudgIT ke bin ayyukan mazaɓu ta shirinta na Tracka. Galibin irin wannan aiki da kuɗin gidauniyoyin waje aka yi shi.

Gabashin Sakkwato kuwa cike yake da abin tambaya. Madatsar Goronyo, da aka kammala a 1984, ita ce jigon noman rani a kwarin Rima, kuma mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2010 ba. Harin Tabanni na Yulin 2018 ya tara 'yan gudun hijira a Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ya ci rayuka da dama. Bayan kowace masifa akan ware kuɗin agaji, a yi alkawarin gyara. Buhu nawa ya isa hannun masu shi? Rijiyar burtsatsen da aka rubuta a kasafi, an haƙa ta? Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa tambayar nauyi, duk da tafiyar hawainiyar da aiwatar da shi ke yi.

Gaskiya ɗaya ce, ko lokacin da kuɗin waje ke kwarara, kaɗan ne ke ƙetare Abuja da Legas. Gidauniya na neman rajistar CAC, da takardar SCUML ta hukumar EFCC, da rahoton mai binciken kuɗi, da tsarin aiki cikin Turanci. Ƙungiyar manoman albasa a Wurno ba ta da ko ɗaya. Sai babbar ƙungiya ta karɓi kuɗin, ta ɗauki ɗan gari ya tara mata mutane a taron bita na kwana biyu. Wa'adin shekara biyu ko uku na cika, ofis ya rufe. Ga shi kuma rahoto na tafiya wurin mai kuɗi, ba wurin mutanen gari ba, abin da ke bai wa jami'in da aka tsare da tambaya damar cewa ai yaran Turawa ne.

Attajiran gida ba su yi rowa ba. Gidauniyar Dangote, da ta T.Y. Danjuma, da ASR Africa da Abdul Samad Rabi'u ya kafa a 2021 da alkawarin dala miliyan 100 duk shekara, sun zuba dukiya a lafiya da ilimi da ciyarwa. Amma ɗan kasuwar da lasisinsa ke hannun hukuma da wuya ya biya albashin mai tuhumar hukumar. Gini ana yanka masa kintinkiri. Tambaya kuwa gaba take janyowa.

Saura hanya biyu, duka na gida. Ta farko waƙafi. Shari'a ta ƙayyade masu cin zakka kashi takwas, amma ƙofar waƙafi a buɗe take ga duk wata maslahar jama'a, kuma Sakkwato na da hukumar zakka da waƙafi. Hayar shago ɗaya da aka yi waƙafinsa, ƙarƙashin amintattun da ba gwamnati ta naɗa ba, za ta iya riƙe matashi guda yana bin ayyukan gundumarsa. Ta biyu kuɗin ƙungiya. 'Yan kasuwar albasa da tafarnuwa da shinkafa sun saba karo-karo don biki da jaje. Su ne kuma ke asara idan hanya ta lalace ko magudanar ruwa ta toshe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun kwangila. Abin da ya rage shi ne kuɗin mota da mai rubuta wasiƙa.

Ma'aikacin gwamnati mai gaskiya ma riba zai ci, domin fayil ɗin da aka san za a buɗe ba a tilasta wa kowa sa hannu a kansa cikin duhu. Gidauniyoyin da suka rage kuwa, darasin 2016 na gabansu: su ba ƙananan ƙungiyoyi kuɗi kai tsaye, su kuma faɗi ranar tafiya tun da wuri. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da maƙwabci ya tashi zai kwana da yunwa.