Wa zai ji kukan malamin Dabaga?

Jama'a, duk mai cewa ƙungiyar ƙwadago fitina ce, ya zo Dabaga ya ga malamin kwantiragi yana koyarwa a gindin duwatsun Ayar, alhali a Yamai ake yanke albashinsa. Shi kaɗai, wa zai saurare shi? Ko masu lambunmu sun san sai sun haɗa baki ɗan kasuwa ke ganin ƙimar albasarsu. Tun 1962 Nijar ta amince da yarjejeniya ta 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan 'yancin ma'aikata na haɗa kai da yin shawarwari tare, kuma da gwagwarmayar ƙungiyar ƙwadago ta USTN aka kai ga Taron Ƙasa na 1991. Ni dai matsayina ɗaya ne: gwamnati ta zauna da wakilan ma'aikatanta a daidaita, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.