Batun Sauya Kwanan Wata A Manyan Kwamfutoci

Manyan kwamfutoci irin na bankuna da ma'aikatun Gwamnati suna da wata al'ada. Kowane fayil aka rubuta cikinsu sai su buga masa rana da sa'a, kamar yadda gidan waya kan buga hatimi bisa kan sarki. To, masana sun ƙera abin sauya wannan hatimi. A tsarin Unix akwai umurni mai suna touch, da shi ake mai da fayil ɗin yau ya zama kamar na bara. Shin yin haka daidai ne?

Masu goyon bayansa suna da hujja. In an kwashe fayiloli daga tsohuwar na'ura zuwa wata, sau da yawa akan buga musu ranar ƙaura, ta asali ta ɓace. Mayar musu da ranarsu gyara ne, muddin an rubuta wanda ya yi da lokacin da ya yi.

Amma a dubi ƙasar Katsina. Cikin Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 sabo da 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni haka. A irin wannan hali abin da akawu ya rubuta, na haihuwa ne ko na albashi, ba ya isa na'ura sai bayan kwanaki. Nan ne zuciya za ta raya masa ya ja hatimin baya, ya dace da ranar da abin ya auku. Ko da niyyarsa kyakkyawa ce, lalle ya yi ɓarna, gama ranar aukuwa daban, ranar shigarwa daban, jinkirin da ke tsakaninsu kuwa shaida ne da alƙali ko mai binciken kuɗi zai nema. Ƙofar da mai gaskiya ya buɗe, ta nan wani zai bi ya cusa sunan ma'aikacin da ba a taɓa ɗauka ba, ya ce ai tun bara yana nan. An ga makamancin haka a Amurka cikin 2006, sa'ad da aka tono kamfanoni masu yawa sun ja kwanan watan takardun hannun jari baya don manyansu su ci riba, har waɗansu suka sha ɗauri.

Abin da ya kamata, a ba akawun Faskari gurbi ya rubuta ranar aukuwa da dalilin jinkiri, hatimin na'ura kuwa a bar shi yadda yake. In tilas ta kama a sauya shi, a sa mutum biyu su sa hannu, tsohuwar ranar kuma ta zauna rubuce kusa da sabuwar.