Fita Da Iyali Zuwa Gona Da Garke

Ya 'yan'uwa, a Ingila da Amurka akwai gonakin da ake buɗe wa jama'a, magidanci ya biya kuɗi ya shiga da iyalinsa, yara su ciyar da tumaki, a sayi madara a kantin gonar. An tambaye mu hukuncin wannan fita. Halal ce, matuƙar ba a tozarta salla ba.

Mu kuwa abin yana ƙofar gidanmu. Wanda ya bar Sakkwato ya bi ta Bodinga zuwa Shagari zai tarar da shanun gudali, da jar akuyar nan wadda fatarta ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. A ƙasar Bodinga Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Duk da haka muna da yara a birni da ba su taɓa ganin ana tatsa ba, alhali suna karanta Suratul An'am, surar dabbobin ni'ima.

To, sai dai garke ba filin wasa ba ne. A nemi izinin makiyayi tukuna. A hana yara jifan ɗan maraƙi, domin Annabi (S.A.W.) ya ba da labarin macen da ta shiga wuta saboda kyanwa. Mai nono kuma, in ta faɗi kuɗin ƙwaryarta, mai mota ya ji kunyar neman ragi.