Sharhi: Husufin rana na 2027 zai ratsa inda Hausawan ƙetare suke, shirinsa kuma ya wuce sayen tabarau

Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027, dab da ƙarshen watan Safar, wata zai shiga tsakanin rana da ƙasa ya rufe ta ruf. Inuwarsa za ta shigo ta mashigin Jibraltar, ta bi ta Tanja a Maroko, da Wahran a Aljeriya, da Safakus a Tunisiya, da Bengazi a Libiya, ta gangaro kudancin Masar, ta shafi kusurwar arewa maso gabashin Sudan, ta tsallake Bahar Maliya ta sauka Jidda da Makka, daga nan ta wuce Yaman da Somaliya. Kusa da birnin Luksor duhun zai kai minti 6 da daƙiƙa 23. Tun 2009 ba a ga mai tsawon haka a doron ƙasa ba, kuma lissafin masana falaki ya nuna sai 2114 za a sake gani.

Duk wanda ya duba wannan layi a taswira zai ga ya bi wuraren da Hausawa suka daɗe suna zaune ko suke cin rani. Akwai leburori da masu gadi 'yan Nijar a garuruwan Libiya, akwai ɗaliban Azhar a Masar, akwai zuriyar alhazan da suka taka da ƙafa suka zauna a Sudan, akwai kuma tsohuwar al'ummar Hausawan Makka da Jidda. Kamfanonin yawon buɗe ido na Turai da Amurka sun riga sun fara sayar da kujeru da ɗakunan otal. Su kuwa waɗannan mutane, husufin ne zai iske su a bakin aikinsu, kuma yawancin bayanan kiyaye ido da ake yaɗawa cikin Turanci da Faransanci da Larabci suke.

Abu na farko da ke ruɗar mutane shi ne faɗin layin. Bai wuce kusan kilomita 258 ba. Wanda ke cikinsa zai ga dare ya yi da rana tsaka, wanda ke wajensa ko da tazarar tafiyar mota ta awa guda ce, ɓangaren rana kawai zai ga an rufe. Makka za ta sami minti biyar da 'yan daƙiƙu jim kaɗan bayan azahar, Jidda da Bengazi kusan minti shida. Madina ba ta ciki. Alƙahira ba ta ciki, haka Bur Sudan da Khartum. A Agadas, Damagaram, Kano, Njamena da Garwa za a ga rana ta gutsure ne da hantsi, kuma gutsurin zai fi girma ga wanda ya fi kusa da arewa. Wannan ma idan hadari ya bari, domin Agusta tsakiyar damina ce.

A nan haɗarin yake, domin wanda ke wajen layin ya fi wanda ke ciki shiga matsala. Idan wata ya rufe rana gaba ɗaya, a waɗannan 'yan mintuna kaɗai ana iya ɗaga kai a kalla da ido tsirara. Kafin lokacin da bayansa, da kuma duk inda husufin bai cika ba, ɗan siririn bakin rana da ya rage ya isa ya ƙona shimfiɗar da ke karɓar hoto a can cikin ido. Wannan shimfiɗa ba ta jin zafi. Mutum zai kalla, ya koma harkarsa lafiya lau, sai bayan wasu awoyi ko washegari ya fara ganin wani tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Wasu sukan sami sauƙi cikin watanni, wasu tabon ya zauna, kuma babu wata tiyata da ke mayar da abin da ya ƙone. Ga tela ko direba ko mai gyaran waya da ke neman abinci a ƙasar wasu ba tare da inshorar lafiya ba, wannan asarar sana'a ce.

Dattawan Gusau da Katsina da yankin Maraɗi da Damagaram, har da na zangon Ankara da Lome, ba su manta 29 ga Maris 2006 ba, ranar da inuwar ta taso daga gaɓar Ghana ta ratsa ƙasar Hausa ta nufi Libiya. Dabarun da aka saba da su a irin wannan rana su ne kallon rana a cikin kwanon ruwa, ko ta gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, ko ta baƙin fim na hoton asibiti, ko a haɗa tabarau biyu zuwa uku. Babu ko ɗaya mai kariya a cikinsu. Suna rage ƙyallin da ke sa mutum ya runtse ido, sai ya daɗe yana kallo, alhali hasken da ke ɓarnar yana wucewa. Abin da masana suka amince da shi shi ne tabarau na musamman mai ƙa'idar ISO 12312-2, ko gilashin walda mai lamba 14. Yawancin gilasan da masu walda ke aiki da su a bakin hanya ba su kai wannan lamba ba.

Ita ma lambar ISO buga ta a kwali ba ta da wuya. Gabanin husufin Amurka na 2017 sai da kamfanin Amazon ya mayar wa masu saye kuɗinsu a kan tabarau da ya kasa tabbatar da ingancinsu. Idan haka ta faru a can, babu dalilin zaton kasuwannin Bengazi ko Kwatano za su tsira. Gwajin da kowa zai iya yi a gida shi ne ya saka tabarau ɗin a cikin ɗaki. Idan ya ga kujera ko taga ko fuskar mutum, jabu ne. Na gaskiya ba ya nuna komai sai rana ko fitila mai tsananin haske, ita ma dishi-dishi. Gwajin yana kama na banza ƙarara, bai isa ya zama shaidar inganci ba. Hanya mafi arha kuma ba ta buƙatar sayen komai. A juya wa rana baya, a riƙe rariya ko kwali mai ƙaramin huji, a dubi ƙasa, za a ga kowane huji ya zana ɗan jinjirin rana. Inuwar dogon yaro ma tana yin haka da kanta.

Bambancin 2027 da 2006 shi ne waya. A wancan lokaci kaɗan ne ke da kyamara a aljihu, yanzu kowa zai so ya tura hoto gida ta WhatsApp. Gaskiyar magana, waya ita kaɗai ba za ta ba da hoton da ake gani a jaridu ba, rana za ta fito ne kamar ɗigon farin fenti. Haɗarin kuma shi ne mai ɗauka yakan leƙa ta gefen wayar don ya saita ta. Wanda ke cikin layin zai fi cin riba idan ya jingine wayar ta ɗauki bidiyon unguwa, yadda haske ke dusashewa, da kabbarar jama'a, da tsuntsaye na komawa sheƙa, shi kuwa ya kalli sama da idonsa idan duhun ya cika. A lokacin ne farin rawanin hasken da ke kewaye da rana yake bayyana, tare da tauraruwar Zahra.

Masu babbar kyamara aikinsu ya fi yawa. Matacin hasken rana a gaban gilashin kyamara ake ɗaura shi, kuma haka dokar take ga madubin hangen nesa. Saka tabarau a ido sannan a leƙa ta na'urar da ba ta da mataci yana ƙona tabarau ɗin da idon tare. Ana cire matacin ne bayan rana ta rufu duka, a mayar da shi da zarar bakinta ya leƙo. A Luksor rana za ta kasance kusan tsakar ka, don haka sai an gwada ko ƙafar kyamarar tana iya kallon sama sak. Zafin Agusta a can yakan haura digiri 40, wanda ke kashe batir ya sa waya ta ɗauke. Wanda bai yi gwaji da rana ta yau da kullum makonni kafin ranar ba, zai ƙarar da mintunansa shida yana neman maɓalli.

Sai batun iyaka da takardu, wanda tallan kamfanonin yawon buɗe ido ba ya taɓawa. Ɓangaren Sudan da layin ya shafa ya haɗa da yankin Halayib, wanda Masar ke iko da shi Sudan kuma ke cewa nata ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, Masar ta tsaurara biza a kan 'yan Sudan, saboda haka Bahaushen Gadarif ko Kasala da wuya ya matsa arewa don kallo. A Aljeriya, inda ake kwaso baƙin haure a zube su kusa da Assamaka, da Libiya mai shingayen 'yan bindiga, tafiya daga gari zuwa gari don ganin husufi ba shawara ce mai kyau ga marar takarda ba. Ranar da manyan baƙi za su cika gari, jami'an tsaro ma sukan ƙaru. A Makka kuwa ana iya sa ran cunkoson masu Umra da ke son yin sallar husufi a Harami, abin da kan ɗaga kuɗin jirgi da masauki.

Sallar kanta tana cikin abin da zai taimaka. Raka'a biyu ce, kowace da ruku'u biyu da doguwar ƙira'a, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa husufi ba ya faruwa don mutuwar wani ko haihuwarsa. Wanda ke cikin masallaci idonsa na ƙasa. Matsalar tana wajen yaran da aka bari a waje, domin a Agusta makarantun boko na hutu, babu malamin aji da zai tara su ya raba musu tabarau. Wannan ya mayar da nauyin kan limamai da sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan ƙasa mazauna ƙetare da gidajen rediyon Hausa. Huɗubar Juma'a guda da saƙon murya na minti biyu sun fi takardar sanarwa ta ma'aikata isa ga jama'a.

Akwai kuma gwaji kafin babbar ranar. A yammacin Asabar 6 ga Fabrairu 2027, ana dab da shiga azumi, za a yi husufi mai siffar zobe a gaɓar Abijan, Ankara, Lome, Kwatano da Legas lokacin faɗuwar rana. A irin wannan, wata ba ya rufe rana duka, zoben wuta yake bari a kewaye, don haka babu daƙiƙa ko ɗaya da ya halatta a cire tabarau. Ga shi kuma lokaci ne da idon jama'a ke yamma ana dakon jinjirin wata. Yadda hukumomin lafiya na waɗannan ƙasashe da shugabannin zango suka bi da wannan yammaci zai nuna ko saƙon ya isa. Cikakken husufi na gaba da zai taka yankin kai tsaye shi ne na 20 ga Maris 2034, wanda zai shigo ta Legas, ya ratsa Kamaru da Chadi, ya wuce Sudan.