INDIYA TA KAI WASANTA DUNIYA, MU INA TAMU LANGA?

'Yan'uwa na rassan jam'iyya, ku karanta wannan a gaban jama'a ranar kasuwa.

A watan Janairu na 1925 ba wanda zai yarda da wannan labari, amma a Janairu na 2025 ya faru. A birnin Delhi aka yi gasar duniya ta farko ta wani wasa wai shi kho kho. 'Yan wasan Indiya maza suka ka da Nepal a karon ƙarshe, matansu ma haka. Har Afirka ta Kudu da Kenya sun kai samarinsu. Tutar Nijar ba ta wurin.

To mene ne kho kho ɗin? Wasan tsere ne na yaran ƙauye. Mutum 8 su tsuguna a jere tsakanin sanda biyu, ɗaya ya bi abokan gaba da gudu, in ya ga dama ya dafa bayan ɗan'uwansa ya ce "kho", wannan ya zabura ya ci gaba da kora. Ke nan! Ba balo, ba takalmi mai tsada. Amma tun 1914, suna ƙarƙashin Ingilishi, mutanen Pune suka zauna suka rubuta masa ƙa'ida, a 1936 aka nuna shi a Balin.

Mu fa? Muna da langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu, ya yi ɗingishi, 'yan gefensa su tare wa ruwa hanya har ya kai gida, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Wace dabara ce kho kho ya fi ta da ita? Amma lakwal ta Nasara ta koya mana wasan ƙwarai shi ne wanda ya zo cikin jirgi, har yau kuwa mu masu koyarwa in mun ga yara na langa a fili sai a ce su bar shirme.

Wasu akawuna za su ce wasan gida ba ya kai kowa ko'ina. Ƙarya ne. Kokowa fa? A 1975 aka fara gasar Takobi a Tahoua, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, yau ga filin kokowa na Langa-Langa a Damagaram. Kokowa ta samu masu tsaya mata, langa ba ta samu ba, bambancin ke nan.

Wasu kuma su ce ana yunwa wa ke ta wasa. To su je Kara-Kara. Unguwar da aka ware wa kutare, jikokinsu sun tashi ba aiki, ba takarda, suna taruwa a fale suna ɗaga ƙarfe. Aisha Maki ta nuna su a fim ɗinta na 2021, duniya ta gani. Ƙarfi ga shi nan kamar na doki, ba inda za a kai shi. Ana tunawa da su ne lokacin zaɓe, in ana neman masu riƙe sanda. Kaico! Saurayin da zai iya ɗaukar tutar ƙasa, shi ake saya da jaka ɗaya.

Saboda haka kowane reshe, daga Mirriya zuwa Magarya da Matamai, ya nemi dattawa biyu da suka san langa, a zauna da mushen lakwal a rubuta ƙa'idarta da Hausa: faɗin fili, yawan 'yan wasa, abin da ke fid da mutum. A aiko mana kafin kaka. Karon farko a Kara-Kara za a yi shi, kuma samarin unguwar ne za su share filin su riƙe usur.