Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Daraktan Kiwon Lafiya na Jihar Maradi kan Dashen Haƙori



Mutanen Tasawa da Mayahi sun daɗe da sanin haƙorin Makka, wanda alhazai ke dawowa da shi yana ƙyalli. Yanzu kuma dashen haƙori ya fara shigo mana. 'Yan kasuwarmu da masu hali suna zuwa Yamai ko Kano, wasu har Masar da Turkiyya, a kafa musu ƙusar ƙarfen titaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗora haƙori a kanta. Aikin ba sabo ba ne a duniya, tun 1965 likita Branemark ya fara yi wa mutum shi a ƙasar Suwidin. Idan an yi shi da kyau, yakan kai shekaru masu yawa. Damuwata tana kan yadda ake riƙe ƙananan kayan aikin, da kuma wanda zai duba mutum bayan ya dawo gida.

Haƙorin da Allah ya halitta yana da zaruruwan da suka ɗaure shi da ƙashi. Ƙusar dashe ba ta da su, ƙashi ne ke kama ta kai tsaye, a sama kuwa dasashi kawai ke manne mata, kuma mannewar ba ta da ƙarfi. Kafin a sa haƙorin, akan ɗaura wa ƙusar wata 'yar hular ƙarfe har nama ya warke. Wasu kan cire hular daga bakin wani, su wanke, su turara, su sa wa wani, alhali ragowar jini da nama kan maƙale cikin murɗinta ko bayan an turara. Yawan kwancewa da ɗaurawa ma yana yage dasashin da ya fara kamawa. Sai gam ɗin da ake manne haƙorin da shi: idan ya yi yawa ya gangara ƙarƙashin dasashi, nan ƙwayoyin cuta ke samun mazauni. Ko wajen huda ƙashin, zafin da ya wuce digiri 47 na minti ɗaya yana kashe shi, shi ya sa ake zuba ruwan gishiri mai tsabta lokacin aikin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon da ƙwayoyin cutar ke jawowa ba ya zuwa da zafi da wuri. Dasashi ya yi ja, ana asuwaki jini na fita, sai baki ya fara wari, mugunya ta biyo baya. Ƙashi na zaizayewa a ɓoye kamar yadda gara ke cin azara, mai shi yana kurkure baki da ruwan gishiri yana cewa ai zai wuce. Ranar da ƙusar ta fara girgiza, magani ya ƙare, sai cirewa. Wani nazari da aka buga a 2015 ya nuna wajen mutum 22 cikin 100 na masu dashe kan kai ga wannan cin ƙashin. Mai shan taba da mai ciwon suga da ba ya kula da shi sun fi shiga haɗari.

Ranka ya daɗe, ba kuɗi mai yawa roƙona ke nema ba. Duk mai yin dashe a jihar nan a wajabta masa tukunyar turara kaya mai kaiwa digiri 134, da rajistan da masu bincike za su iya dubawa, domin ɗaukewar wuta tsakar turarawa tana ɓata aikin gaba ɗaya. Hular warkewa kuwa, mutum ɗaya hula ɗaya. A kuma ba kowane majinyaci kati mai ɗauke da sunan kamfanin ƙusar da girmanta da ranar da aka sa ta, don kowane kamfani da irin makullinsa, likitan da bai san irin ƙusar ba ko kwance ta ba zai iya ba.

Daga Tasawa zuwa Maradi fiye da kilomita 100 ne, ba wanda zai yi wannan tafiya don ɗan jinin asuwaki. A koya wa ma'aikatan asibitocin gundumar Tasawa da ta Mayahi su buɗe baki su duba, su gane dasashin da ya kumbura a gindin dashe, su tura mutum a ɗauki hoton ƙashinsa tun da sauran gyara. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan kusa da ofishinku, ku nemi hannunta wajen wannan horo, kuma a fara shi a bana.

Wassalam.